Tsomawa ta Biyu

Wata biyar Kazue Hirooka ta yi tana karyawa da Shinozaki a gidan kofin da ke bayan tashar jirgi kafin ta yi ƙarfin halin kai shi shagon tsiren Umetani. Gidan kofi wuri ne na kowa da kowa. A kawo maka gasasshen burodi mai kauri da dafaffen ƙwai, ka buɗe jaridarka, babu ruwan kowa da wanda ka zo da shi. Shagon Umetani kuwa kujeru tara ne rak a jere a gaban kanta, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan Kazue tana zama a ta uku daga bango, da fari a gefen mijinta, bayan rasuwarsa kuma ita kaɗai. Ba ta haihu ba, danginta duk suna can nesa a tsibirin Kyushu. In ta yi kwana biyu ba ta leƙo ba, daga shagon nan ake tura wani ya je ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Duk mutuncin da ta tara a garin Osaka a kan kantar nan yake, kuma ta san ƙa'idar wurin sarai: wanda ka kawo, kai ka tsaya masa.

Shinozaki mutumin Tokyo ne, tsohon ma'aikacin inshora, ya dawo Osaka ne don ya zauna kusa da 'yarsa. In ka hango shi daga nesa sai ka ce tsafta ce ta yi ƙafa: farar riga a goge, gashi a taje, takalmi na sheƙi. Tun farkon bazara ya nemi aurenta, ta ce ya ba ta lokaci. Ga fara'a, ga iya magana, kuma mace mai shekara sittin da biyu da ta gaji da dafa shinkafar mutum ɗaya ba ta cika tsananta bincike ba.

Abu ɗaya ne take kau da kai a kansa kullum safe. Da an kawo musu ɗan tawul mai zafi na goge hannu, sai ya goge hannun, ya bi da fuska, ya zarce wuya, ya zagaya bayan kunne, sannan ya murɗa gefen tawul ɗin ya cusa cikin kunnen ya juya. Daga nan ya buɗe ya duba abin da ya samo, ya ninke, ya ajiye daf da kofinta. Kazue takan ja kofin a hankali ta ce wa ranta ai duk mazan da suka kai shekarunsa haka suke.

Ranar Laraba da rana suka tafi. A hanya ta tuna masa da dokar miyar shagon, wadda kowa ke tsoma tsirensa a ciki a gwangwani ɗaya, ta maimaita har sau uku: tsoma ɗaya ake yi, kafin a kai baki, in ba ta ishe ka ba ka ɗebo da ganyen kabeji ka zuba. Ya yi dariya ya ce haba, ai ko ɗan firamare a Tokyo ya san wannan, ga shi a rubuce a bangon kowane shago. Ta ji kunyar kanta.

Umetani na tsaye gaban kaskon mai, tawul ɗaure a ka kamar kullum, dattijo ɗan saba'in da 'yan kai wanda maganarsa ta yini ba ta cika cokali ba. Ya dubi baƙon daga sama zuwa ƙasa, ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya nuna masa kujera ta huɗu. A ta biyar Tsuyako ce, mai sayar da furanni a kasuwa, aminiyar Kazue tun suna amare, wadda bakinta ba shi da sakata.

"Kazue-chan, ina kika samo wannan?" in ji Tsuyako. "Ko lanƙwasa babu a jikinsa. A kwali aka aiko miki shi?"

"A kwali, ranki ya daɗe," in ji Shinozaki yana rusunawa, "amma an yi mini rangwame saboda na daɗe a shago."

Mutanen kantar gaba ɗaya suka ɗauki dariya. Mutanen Osaka ba sa raina mutumin da aka tsokana ya mayar, ko da daga Tokyo ya fito. Ya miƙa wa Umetani kwalin alawa da hannu biyu, ya yabi man suyar, ya ce bai taɓa ganin mai tas haka ba. Kazue ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta. Aka fara jero musu tsire, kowane tsinke an turbuɗa shi a gari an soya ya yi ja: na naman sa, na albasa, na jatan lande, na ƙwan salwa. A tsakanin su ukun ga gwangwanin ƙarfe cike da baƙar miya, ga kwanon kabeji.

Can Umetani ya juya baya yana zuba sabon zubi a mai. Tsuyako ma ta juya tana gardamar wasan jiya da mutumin da ke gefenta. Shinozaki ya tsoma tsiren naman sa, ya kai baki, ya gatsi rabi. Kazue na kallo. Ta ga shatin haƙoransa a jikin naman, ta ga wani siririn zaren yawu ya biyo tsinken ya tsinke. Sai ya mayar da ragowar cikin gwangwanin, har ƙasa, ya juya shi sau biyu kamar mai dama koko, ya ciro. Burbushin gari ya taso yana yawo a saman miyar tare da wani ɗan farin kumfa. Ya dube ta, ya kashe mata ido ɗaya, ya ɗora yatsa a leɓensa mai maiƙo.



Abin da ake yi a irin wannan sananne ne, kuma ba shi da wuya. Wanda ya gani ya faɗa. A zubar da gwangwanin, a kawo sabo, mai laifi ya rusuna ya ba da haƙuri, a ɗan yi masa shaƙiyanci, minti biyu magana ta mutu. Ita kanta Kazue ta sha tsawata wa 'yan jami'a a kan haka, da murya wadda har bakin titi ana ji. Amma yau wanda ya yi nata ne, a ranarsa ta farko, kuma ba kuskure ba ne tunda ga shi har da kashe ido. Ta hango Tsuyako tana yawo da labarin rumfa-rumfa a kasuwa. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta ce wa ranta bari dai ya haɗiye tukuna.

Kafin ya haɗiye Tsuyako ta juyo. Ta ɗauki tsiren albasa tana ci gaba da surutunta, ta nutsa shi cikin miyar har yatsunta suka kusa taɓawa, ta ɗago shi yana ɗiga, burbushin nan manne a jiki, ta zura a baki. Ta tauna, ta lashe leɓe, ta ce kai, yau miyar nan ta yi wani irin daɗi. Shinozaki ya ce ai shi ma abin da ya gani ke nan.

Kazue ta dafe bakinta da tawul. Tsuyako ta tambaye ta lafiya, ta ce cikinta ne tun jiya. Tsuyako, baiwar Allah, ta tsoma jatan lande mafi girma ta miƙo mata ta ce ta daure ta ci ko ɗaya ne, ba ya ɓata ciki. Kazue ta girgiza kai, ba ta iya ko kallon fuskarta ba. Ana haka Umetani ya juyo ya sauke tsire, ya miƙa hannu ya ɗauke gwangwanin, ya ce miyar ta tsinke, ya ajiye wani. Kazue ta ɗauka sa'a ce ta zo mata, ta zauna tana tsakurar gayan kabeji har suka tashi.

Washegari a gidan kofi ta jira ya gama da kunnuwansa, sannan ta tambaye shi me ya sa ya yi abin da ya yi. Ko a jikinsa. Yana ɓare ƙwai ya ce mata shi duk shagon tsiren da ya shiga sai ya yi, ya zame masa wasa. Wai dokar nan burga ce kawai ta mutanen Osaka, don su samu abin hura hanci a gaban baƙi, kuma tsamin miyar ya isa ya kashe kowace irin cuta. Ya ce ba ga shi ƙawarta ta ci har tana yabawa ba? Ya tura ƙwan gaba ɗaya a baki, yana magana gwaiduwa na leƙowa ta gefen leɓensa.

"Kuma ke ma ai ba ki ce uffan ba, Kazue-san. A nan na tabbatar na samu mata. Na ce lallai wannan za ta rufa mini asiri."

Da zagi ya yi mata da ya fi mata sauƙi. Ƙyamarsa ta riga ta gama kama ta tun jiya, wannan ba sabon abu ba ne. Sabon shi ne ƙyamar kanta, domin gaskiya ya faɗa, kuma yabo yake yi. Ta dubi ninkakken tawul ɗin da ke gefen kofinta, wata biyar tana jan kofi tana ba da uzuri. Ta miƙe, ta gyara jakarta, ta gaya masa cikin ladabi cewa amsar da yake jira a'a ce, kada ya wahalar da kansa da sake tambaya. Ya bi ta da kallo baki cike har ta kai ƙofa.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura ta isa shagon, ba a ma rataya labulen ƙofa mai nuna an buɗe ba. Umetani na zaune yana soke albasa a tsinke. Ta tsaya a gabansa, ta rusuna sosai, ta faɗi komai ba ta rage ba: abin da baƙonta ya yi, da yadda ta gani, da yadda ta yi gum har Tsuyako ta ci. Ta ce ta rabu da mutumin. Hannun dattijon bai tsaya ba har ta gama.

"Na gani," in ji shi.

Ya nuna farantin ƙarfen da ke bango saman kaskon, wanda yake gogewa kullum har yana ɗaukar ido. Duk kujerun tara suna fitowa a cikinsa. Ya ce shekara arba'in bai taɓa juya wa kantar nan baya da gaske ba. Kazue ta tambaye shi da ƙaramar murya me ya hana shi magana.

"Baƙonki ne. Na ce bari in bar miki, kada in zubar miki da girma a gabansa. Da ɗan jami'a ne da tuni kin tsaga shagon nan da ihu. Na ƙirga har biyar a raina ina jiranki, tsire na ƙonewa a hannuna." Ya ajiye tsinken. "Laifina ne ni ma. Na yarda da ke fiye da kima, Tsuyako ta ci ƙazanta a shagona."

Ta tambaya ko Tsuyako ta sani. Ya ce ba daga bakinsa ba. Sannan ya tashi ya kunna wuta, ya ce ta zauna ta ci abinci, jiya ba ta ci komai ba.

Ta zauna a kujerarta ta uku, ta ji kamar ta yi kuka don sauƙin da abin ya zo da shi. Ya rataya labule, mutane suka fara shigowa ɗaya-ɗaya suna gaishe ta. Ya soya mata na naman sa biyu da na ƙwan salwa, yadda take so, ya jera mata. Ta ɗauki tsinke ta miƙa hannu wajen gwangwanin.

Umetani ya sa bayan hannunsa ya tura gwangwanin gaba, ya bar shi a gaban kujera ta biyar. Ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya ɗauko wani ɗan ƙaramin faranti, ya tsiyaya miya a ciki, ya ajiye a gabanta. Irin farantin da yake ba 'yan yawon buɗe ido ne, da yaran da ba su isa shiga makaranta ba, mutanen da ba a barin su su kai hannu abin da kowa ke ci. Ya koma kan kaskonsa. Mutumin da ke kujera ta ɗaya ya kalli farantin, ya kalli Kazue, ya mai da idonsa kan kabejinsa. Fuskarta ta yi zafi har kunne. Ta tsoma tsiren a ɗan farantin, miyar ba ta ko rufe rabin naman ba.

Sai ga Tsuyako ta ɗaga labule, tana ƙamshin furanni, tana mitar wani mai saye da ya ɓata mata safiya. Ta faɗa kan kujerarta, ta jawo kabeji, ta tambayi ina ɗan kwalin yau. Sannan idonta ya sauka a kan farantin, maganar ta maƙale.

"Wannan fa? Mura kike yi ne, Kazue-chan?"

Umetani bai juyo ba. Kazue ta ɗaga kai, ta ga idanunsa a cikin ƙarfen bangon, suna kanta. Ta ajiye tsinken, ta juya kujerarta ta fuskanci ƙawarta.

"Lafiyata ƙalau. Tsuyako, kada ki fara ci tukuna. Akwai abin da na bari kika ci jiya."