Akwatin Tungar Sahabi

Rahila tana amarya aka fara barin matan Arewa su jefa ƙuri'a. Innarta har ta koma ga Allah ba ta taɓa dangwala yatsa ba, shi ya sa ita zaɓe bai taɓa wuce ta ba, ko da goyo, ko da zazzaɓi.

Bara 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, Tungar Sahabi, da ke bakin tafki. Kowa ya kama gabansa. Ita ta raɓe a garin Wara wurin surukinta Daniel, masunci.

Ranar zaɓe ta bi layi a makarantar firamare tun da hantsi. Da aka zo kanta, yarinyar da ke riƙe da na'ura ta duba katinta, ta ce mata cikin ladabi akwatinta ba nan yake ba, yana Tungar Sahabi. Rahila ta ce ai ba kowa can sai gara. Yarinyar ta ce ita dai haka aka ba ta.

Daniel ya yi ta ba ta baki ta haƙura, ga hanya ba lafiya, ga an hana zirga-zirga. Ta ce in ba zai kai ta ba, ita ma ta iya tuƙi. Dole ya kwance kwalekwale.

Da suka isa ƙauyen, suka tarar ciyawa ta cinye dandali. Gindin tsamiyar da aka saba ajiye akwati ba tebur, ba sawun mutum. Ta zauna kan saiwa, wai ko ma'aikatan makara suka yi. Sai da rana ta yi sanyi sannan ta yarda suka juyo.

Washegari aka faɗi sakamako. Tungar Sahabi ta yi zaɓe, ba wanda ya rage cikin masu rajista, kuma duk mutum ɗaya suka zaɓa. Rahila ta ce ashe har Jacob maƙwabcinta, da aka binne da damina, ya tashi ya dangwala.

Da ɗan majalisar da ya ci ya zo yi wa 'yan gudun hijira godiya, sai ya durƙusa gabanta.

"Inna, na gode. Mutanen Tungarku ba su ba ni kunya ba."

"Ɗana, tafi can ka yi godiyarka," in ji ta. "Waɗanda sunka zaɓe ka suna can kwance."

Ya yi dariya, mutanensa suka taya shi, aka ɗauke su hoto yana riƙe da hannunta. Hoton ne aka liƙa a bangon kasuwar Wara.