Ranar da Hutun Munzali Ya Ƙare

Munzali ya iso Argungu ranar Litinin da la'asar, da takardar hutun kwana huɗu a aljihu. Soja ne, shekararsa biyu da shiga, kuma tun da ya gama horo aka tura shi daji wajen iyaka, inda ake yaƙi da 'yan bindiga. Wata goma sha ɗaya rabonsa da gida. Mahaifinsa, Malam Kalilu, manomin albasa da shinkafa, ya ga yaron ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Uwarsa Laure ta dafa masa shinkafa da miyar kifi, ya ci loma kaɗan ya ture kwanon.

Kwana biyu bai yi wata doguwar magana ba. Ranar Laraba da hantsi suna zaune a rumfa shi da mahaifinsa, suna ware albasar da ta fara ruɓewa, sai ya ce, "Baba, ba ni komawa."

Malam Kalilu bai ɗaga kai ba. "Mi ya faru?"

Munzali ya ba shi labari a hankali. A watan da ya wuce sun yi artabu a bakin wani ƙauye, aka kashe abokinsa Tamba, wanda suka yi horo tare. Sun kama mutum bakwai da bindigoginsu, suka miƙa su inda ake miƙawa. Bayan kwana biyar, ranar kasuwar ƙauyen, sai ya ga ɗaya daga cikinsu a kan babur yana sayen taba. Mutumin ya gane shi, har ya ɗaga masa hannu.

"An ce wani babban ɗan siyasa ne ya yi waya," in ji Munzali. "Ni ban ji wayar ba, Baba. Amma mutumin na gan shi da idona."

Malam Kalilu bai yi mamaki ba, kuma rashin mamakin ne ya fi ci masa rai. Ya daɗe da daina yarda da masu zuwa neman ƙuri'a. Ya ga yadda suke zuwa ta'aziyya da masu ɗaukar hoto, su tafi kafin a shafa addu'a. Sai dai a cikin gidan nan nasa akwai ƙanwarsa Adama da 'ya'yanta huɗu, waɗanda suka gudo daga ƙauyensu da kayan jikinsu kawai. Mutanen ƙauyen ba su fara komawa gonakinsu ba sai da aka kafa sansanin soja a kusa. Yara irin Munzali ne a sansanin.

Laure ta ji komai daga bakin ƙofa. Da yaron ya fita ta zo ta tsaya a kan mijinta. "Malam, ka ce mai shi zamna. Ɗiyana ɗaya ne namiji."

"Bari mu ji ta bakin wanda ya san aikin," in ji shi.

Wanda yake nufi shi ne Silvanus, tsohon saje mutumin Filato, da ya yi ritaya ya zauna a Badariya cikin Birnin Kebbi. Ya fi shekara goma yana sayen albasa a hannun Malam Kalilu yana turawa kudu, har ciniki ya zama zumunci.

Ranar Alhamis da safe suka shiga mota, Munzali cikin kayan gida. Suna gab da shiga Birnin Kebbi suka tarar an tare hanya. Wani ɗan siyasa ne ya shirya gangamin goyon bayan dakarun da ke fagen fama, ayarinsa ake jira ya wuce. An kafa alluna a gefen titi, hotonsa ya cika kowanne, a can ƙasa kuma ga wani ɗan ƙaramin soja riƙe da tuta. Motoci suka yi cirko-cirko, ba gaba ba baya. Rana ta buɗe, yaron wata mata ya yi ta kuka a kujerar baya.

Wani fasinja mai jar hula ya fara zagi. Ya zagi mai gangamin, ba wanda ya tanka. Sai ya ci gaba, ya ce ƙasar ta riga ta mutu, sojojin ma duk bakinsu ɗaya da ɓarayin, cin abinci kawai suke yi da jinin talaka.

Malam Kalilu ya ji kansa yana magana kafin ya yi shawara. "Bawan Allah, ka zagi wanda kake zagi, ni ma ba ni kare shi. Amma ka bar yaran da ke daji. Kuma wagga ƙasa ba ta mutu ba, cikinta kake zamne, cikinta za a rufe ka."

"To ai su ke aiki ma waɗanga," in ji mutumin, yana nuna allon.

Malam Kalilu ya waiwaya wajen ɗansa. Munzali yana kallon waje ta taga. Sai da suka yi kusan awa guda kafin motocin masu jiniya su wuce a buɗe hanya.

Silvanus ya karɓe su a barandarsa, matarsa Susanna ta kawo ruwan sanyi da kunun aya ta koma ciki. Ya saurari Munzali har ya gama, bai katse shi ba.

"Zan faɗa maka yadda abin yake, ɗana," in ji shi. "In gobe ba ka koma ba, za a fara lissafa maka kwana. In kwanakin suka cika, sunanka ya zama na wanda ya gudu. Ba za ka zauna gidan babanka ba, don can za a fara nema. Duk shingen da ka tarar a hanya sai gabanka ya faɗi. In kuma ka ce za ka rubuta takardar ajiye aiki, sai ka koma tukuna ka rubuta, ka ci gaba da aiki kana jira, kuma a lokacin yaƙi ba a saurin amsa ta."

"Ke nan ba hanya, Baba Silvanus."

"Akwai, amma ba mai daɗi a ciki." Ya gyara zama, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. "Shekara ashirin da biyu na yi. Gwamnati nawa ta wuce a kaina, ban yarda da ko ɗaya ba. Ba don su na yi ba."

"To don wa?"

"Da farko ina cewa don Najeriya, kuma har yau ban janye ba. Amma in an fara harbi, ba ita nake tunawa ba. Mutum tara da muke rami ɗaya nake tunawa. Ku nawa ne yanzu a wurinku?"

"Goma sha ɗaya. Da mu goma sha biyar ne."

Munzali ya juya wajen mahaifinsa. "Baba, kai mi ka ce?"

Malam Kalilu ya ce, "In na ce ka koma aka kashe ka, ni na tura ka, kuma na tura ka hannun mutanen da ban yarda da su ba. In na ce ka zamna, to kowane uba ma yana da bakin faɗin haka, sansanin ya watse, a koma a ƙone abin da ya rage na su gwaggonka. Na juya ta ko'ina tun jiya. Ba ni da bakin ce maka ko ɗaya."

Suka koma Argungu da yamma.

Da gari ya waye ranar Juma'a, Munzali ya fito daga ɗaki cikin kakinsa, jaka a kafaɗa. Ya durƙusa a ƙofar uwarsa. Laure ta ƙi fitowa. Sai da ya miƙe ya kai zaure ta biyo shi da ƙullin busasshen kifi da yaji, ta cusa masa a jaka ba tare da ta kalli fuskarsa ba. Adama ta yi masa addu'a.

A tasha, kafin motar ta cika, Munzali ya ce, "Ba don na yarda da su ba ne, Baba."

"Na sani."

"In na sake ganin wani da muka kama yana yawo, ban san abin da zan yi ba."

"Kada ka yi abin da zai sa su samu hanyar taɓa ka. Ka riƙa kira in akwai sabis."

Motar ta tashi. Malam Kalilu ya tsaya har ta sha kwana, sannan ya tako zuwa gida. Laure tana tsakar gida tana wankin da bai kai a wanke ba.

"Kai ka ce mai shi tahi?"

"Ban ce ba."

"Ba ka kuma hana shi ba."

Malam Kalilu ya shiga ya yi wanka ya tafi masallaci. Bayan huɗuba liman ya yi addu'a ga sojojin da ke daji, Allah Ya tsare su Ya ba su nasara. Malam Kalilu ya ce amin da ƙarfi har na kusa da shi ya waiwayo. Sai liman ya roƙi Allah Ya taimaki shugabanni, Ya ƙara musu lafiya, Ya yi musu jagora. Sahu ya amsa. Malam Kalilu ya yi shiru, tafukansa a buɗe. Ya tuna cewa a daidai lokacin motar ta yi nisa, kuma inda za a tura yaron gobe, da abin da za a ba shi ya riƙe, duk a hannun mutanen nan yake. A hankali, bayan kowa ya gama, shi ma ya ce amin.