Bulalar da Na Ba Mardiyya

Sifili cikin ashirin Mardiyya ta samu a jarrabawar lissafi.

Shekararta bakwai, tana aji biyu a firamaren ƙauyenmu, gefen Sakajiki. Manhaja ta ce a koya musu tarawa da ɗebewa, ita kuwa kafin in sauke alli ta gama, har tana tambaya ko akwai saura. Ba ni da littafin da ya kai ta, ba ni da lokacinta, yara tamanin ne a gabana. Sai na yi abin da aka yi mana muna yara: duk wanda ya faɗi tambaya, wadda ta ci ta yi masa bulala biyu. Wai ni a dole na karrama ta.

Ranar Litinin mahaifinta Hayatu ya zo ofishin hedimasta da sandarsa. Makiyayi ne, ba ya son dogon zance. Ya ce in kanta ba ya ɗauka, maruƙa na jiran ta a gida. Hedimasta ya fara batun mayar da ita aji ɗaya. Haushi ya ishe ni, na fizgi takardar jarrabawarta na sake dubawa. Inda amsa take sha biyu ta rubuta sha ɗaya, inda take talatin ta sa ashirin da tara. Duka ashirin ɗin ɗaya ta rage. Wanda bai iya ba ai ba ya kuskure da tsari haka.

Na sa aka kira ta, na tambaye ta dalili. Ta sunkuyar da kai, tana murza bakin hijabinta. Sai da mahaifinta ya yi mata magana da Fulatanci ta ɗago.

“In nic ci, ni ka bugun su Salima,” ta ce. “In na buge su, ba su jira na ga hanya.”

Su Salima yaran ajinsu ne, tare suke komawa gida. Hanyar rugarsu ta cikin daji take, ko manya ba sa bin ta su kaɗai a shekarun nan. Kunya da tsoro suka rufe ni lokaci guda. Hayatu ya tambaye ta kwana nawa ta koma gida ita kaɗai kafin ta fara faɗuwa da gangan. Ta ce tara. Ya tambayi wanda ya ba ta bulalar, na ce ni ne.

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya kama hannunta suka fita. Na bi shi har bakin ƙofa ina rantsuwa cewa zan kai ta aji huɗu, zan nemo littattafai daga Kaura, ban taɓa koyar da yarinya irinta ba.

“Na yarda, Malam,” ya ce. “Amma kwana tara ɗiyata na cikin dajin ga ita ɗai, kai kana murna ta iya lissahi.”

Yau zango biyu ke nan ba ta dawo ba.