Abin da Furera Ta Faɗa wa Zinnira

Tun da na hango Alhaji Jalo yana jirana a ƙofar masallaci bayan la'asar na san yau za a ɓata. Maƙwabcina ne a Unguwar Tudu, kuma shanunsa ke yi mini huɗa duk damina, tun shekarar da tsadar taki ta sa na sayar da nawa.

"Malam Haladu," ya ce, "an ga Furera, matar ɗana, ta shiga ofishin 'yarka a Kabo. Awa guda ta yi a ciki. Ka tambayo mini abin da ta ce."

Ofishin ba na 'yata Zinnira ba ne. Tana shekara ta uku a jami'a a Kano, tana karatun aikin jin daɗin jama'a, sai aka turo ta ƙaramar hukuma ta koyi aiki na wata uku. Tun da aka fara Shari'a na ga mata sun fi son kai kukansu wurin mace kafin magana ta kai gaban alƙali.

Da ta dawo gida na kira ta zaure. Ta durƙusa, na faɗa mata saƙon.

"Baba, ko Inna ban gaya wa ba."

"Alhaji Jalo ne fa. Ga damina ta ƙarato."

"Na sani, Baba. Amma wannan shi ne darasin farko da aka koya mana. Idan maganar mace ɗaya ta fita, babu wadda za ta sake shigowa."

"To, ɗan gutsura mini kaɗan in kai masa."

Ta yi dariya, ta rufe baki da mayafi. "Baba, ai ba ƙuli-ƙuli ba ne."

Na ɗaure fuska, na ce ni na haife ta. Ta ce shi ya sa take durƙushe, amma amanar ba tata ba ce balle ta ba ni. Ban iya cin tuwo ba ranar. Gonata nake gani a raina, ba a huɗa ko kunya ɗaya ba.

Washegari na sami Alhaji Jalo yana ba shanu dusa.

"Ba ta faɗa ba," na ce.

"Har kai?"

"Har ni."

"Wato ka kai yarinya birni an koya mata ƙin ubanta!"

Na ce, "Alhaji, ranar da kai ma ka shiga ofishin nan, haka za ta riƙe taka amanar." Ya juya mini baya.

A makon nan na je Kabo, na tarar da mata uku daga Dugabau zaune a kan benci a ƙofar ofishin da Zinnira take. Masinja ya nuna musu wani ofishi, suka ce a'a, 'yar Malam Haladu suke jira. Na daɗe a tsaye ina gyara hula.

Jiya an yi ruwan shuka. Har yanzu ban san abin da Furera ta faɗa ba, ban kuma san ko Alhaji Jalo zai aiko da shanun ba.