Ranar da Pesamino Ya Manta Kirarin Baƙi

Fuatino ba ta taɓa ƙaunar wayar nan ba tun ranar da ƙanenta Alapati ya aiko da ita daga birnin Auckland na ƙasar New Zealand. Ya ce don Baba ya riƙa ganin jikokinsa ne, kada kewa ta yi masa yawa bayan rasuwar mahaifiyarsu. Shi nasa aikowa kawai. Ita ce ke zaune da tsohon a ƙauyensu na tsibirin Savai'i a ƙasar Samoa, ita aka bari da abin da ya biyo baya.

Mahaifinsu Pesamino shi ne mai magana da yawun dangi. Ko taron aure ko na mutuwa, shi ke miƙewa da doguwar sanda a hannu da izga a kafaɗa, ya tarbi baƙi da kirarin garinsu da sunayen kakanninsu, harshensa bai taɓa harɗewa ba. Sai wani ya ɗauki bidiyon jawabinsa ya sa a intanet. Wasu suka yaba. Wani kuma, wanda ko sunansa na gaskiya bai sa ba, ya rubuta cewa tsohon ƙirƙirar asali yake yi.

Pesamino ya rantse sai ya amsa wa kowa. Ya amsa wa wancan, wasu goma suka taso. Fuatino takan tashi da asuba hura wuta ta tarar da shi yadda ta bar shi, zaune cikin gidan sauro, hasken wayar a fuskarsa, yana ƙunƙuni. Gwaza da kifin da ta ajiye masa sun sandare. Ya rame, idanunsa suka yi ja. Mutumin da yara ke hawa kansa ya koma yi musu tsawa a kan dariya. Ya fara cewa maƙwabta ne ke zaginsa da sunayen ƙarya, har ya daina amsa gaisuwar aminin ƙuruciyarsa. Da ta yi masa magana, sai ya ce ta ji da tukunyarta.

Ranar ɗaurin auren 'yar yayarsa, dangin ango suka taso daga wani ƙauye da tabarmi masu daraja da aladu. Aka zauna, aka yi tsit. Pesamino ya miƙe, ya kafa sanda, ya fara. Bai yi nisa ba ya kira baƙin da kirarin wani ƙauye da su baƙin suka daɗe suna rigimar fili da shi. Dattawan baƙi suka sunkuyar da kai. Ya gane, ya so gyarawa, sai kansa ya ɗauke gaba ɗaya. Ya tsaya baki buɗe, gumi na zuba. Can ya hango ƙanen ango ya ɗaga waya yana ɗaukarsa bidiyo. Ya taka har gaban yaron ya kai wa wayar duka da sanda, sandar ta sami yatsun yaron, biyu suka karye.

Washegari dangin Pesamino suka je ƙofar gidan baƙin suka zauna a rana, lulluɓe da tabarmi, suna neman afuwa yadda al'adar ƙasar take. Fuatino na cikinsu. Tsakuwa na cin gwiwoyinta, zufa na shiga mata ido, zuciyarta na tafasa. Sai da rana ta take tsaka aka yaye musu tabarmin, alamar an yafe.

Da ta koma gida ta tarar da shi zaune, yana karanta abin da ake faɗa game da sabon bidiyon.

Ta ce, "Baba, har yanzu?"

Ya ce ai sai ya yi musu bayani, ba su san yadda abin ya faru ba.

"Su wa? Waɗanne mutane? Akwai wanda ya zo ya durƙusa a rana dominka a cikinsu? Gwaggo da ciwon ƙafarta ta durƙusa. Ni na durƙusa. Ka karya hannun ɗan mutane, ka ɓata wa yarinya ranar aurenta, kana nan kana faɗa da wanda ko fuskarsa ba ka sani ba."

Ya ɗaga murya ya ce ba ita ta haife shi ba. Ta ce ta sani, amma ita ke wanke masa kaya, kuma ta gaji. Ta fizge wayar ta kira Alapati a gabansa. Alapati ya fara cewa a yi wa Baba a hankali, ta katse shi, ta ce in yana da hankalin da ya fi nata ya hau jirgi ya zo ya kwana biyu a gidan. Ta kashe.

Da ta juyo, tsohon na kuka. A hankali ya ce, "Ko na rufe ido, rubutunsu nake gani."

Ba ta rarrashe shi ba. Ta kai shi asibitin gunduma, ma'aikaciyar jinya ta daɗe tana magana da shi, ta ce rashin barci da damuwa ne suka haɗu, ta sa masa ranar dawowa ganin likita. Majalisar ƙauye ta karɓi sandar ta ba ƙanen Pesamino.

Yanzu da an kaɗa ƙararrawar addu'ar yamma Fuatino ke karɓe wayar. Wani lokaci ya miƙa, wani lokaci sai an yi cacar baki. Barcin ya fara dawowa kaɗan-kaɗan, ya ma je ya gai da amininsa. Yaron da aka karya wa yatsu bai iya dunƙule hannunsa sosai ba har yau, kuma duk ranar da Fuatino ta haɗu da uwarsa a kasuwa, sai ta dawo gida ba ta yi wa kowa magana.