Gado Ba Ya Shiga Cikin Bango

Shekara arba'in Baba Mai Tayil ya yi yana durƙuso yana shimfiɗa tayil a ɗakunan mutane, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Ran nan ma daga ganin likita ya fito, ya biya ofishin masu zanen gini inda autarsa ke aiki, don ta rage masa hanya.

Ya tarar ta ƙura wa kwamfuta ido. Zanen ƙaramin asibiti ne, aikin farko da aka damƙa mata ita kaɗai, kuma da yamma za a kai wa masu ba da izinin gini. A gefen zanen ga jadawali, kowane ɗaki da girmansa. Ƙa'ida ta ce ɗakin majinyaci kada ya gaza murabba'in mita sha biyu.

"Baba, ka gani? Sha biyu da ɗigo takwas. Mun haye."

Baba bai yi boko mai nisa ba, amma lamba ba ta taɓa ɓace masa ba. Ya matso da kujera, ya karanta awon cikin ɗakin, yana motsa leɓe.

"Auta, tayil mai santimita sittin, biyar a faɗi, shida da ɗan yanki a tsawo. Ɗakin nan bai kai ba."

"Haba Baba, na'ura ce fa ta lissafa."

"Na'urar ta taɓa shimfiɗa gado? Tambaye ta daga ina take ɗora awonta."

Ta yi dariya, ta buɗe wani shafi. Sai dariyar ta tsaya. Daga tsakiyar kaurin bango na'urar take aunawa, ba daga fuskarsa ba.

"To fa! Rabin bulo kin ba marasa lafiya su kwanta a ciki."

Ta danna wuri ɗaya. Ɗakuna takwas suka faɗo tare, sha ɗaya da ɗigo huɗu. Baba ya dube ta. Ya san 'yan kwangila da yawa da za su mayar da lambar farko su yi gum, wa zai sani?

Ita kuwa ta miƙe ta ƙwanƙwasa ƙofar Oga, shugaban ofishin. "Ranka ya daɗe, na yi kuskure. A ba ni awa ɗaya."

Ta dawo ta cinye ɗan sito da ke ƙarshen layin, ta riƙa jan bango ɗaya bayan ɗaya kamar labule, lambobin na biye da ita. Na takwas ma ya haye sha biyu.

Oga ya leƙo, ya duba jadawalin sau biyu, ya sa hannu. "Wa ya gano?"

Auta ta nuna Baba.

"Ɗaki ɗaya na gani," in ji Baba, yana murza gwiwa. "Ita ta gyara takwas ko ƙura ba ta tashi ba. Mu a da, irin wannan kuskuren da guduma muke gyara shi."