Mai Yi wa Malam Zainol Wanka

Shekara ashirin Malam Zainol yana shugaban makarantar firamare a Alor Setar, ko tarinsa aka ji sai aji ya yi tsit. Bayan ya yi ritaya, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. 'Yarsa Rosnita tana aiki a Kuala Lumpur, ba dama ta zauna da shi, sai ta nemo masa ma'aikaci daga wata cibiyar kula da tsofaffi, mai zuwa gida kowace safiya.

"Baba, ko wannan ko gidan tsofaffi," in ji ta.

Ranar farko fitsari ya kufce masa tun kafin mutumin ya iso. Yana kwance cikin jiƙaƙƙen zane aka yi sallama, wani magidanci ya shigo da jaka.

"Sannu da jiki, Malam. Ni ne Shukri."

Shukri ɗan mai busasshen kifi! Yaron da ya taɓa tsayarwa gaban ɗalibai kaf, ya toshe hanci, ya ce ya koma gida ya yi wanka don warinsa ya ishi mutane.

Shukri ko fuska bai yamutsa ba. Ya ɗaga shi zuwa kujerar banɗaki, ya taɓa ruwan ya ji ɗuminsa, ya shiga cuɗa masa baya. Malam Zainol ya ƙura wa bango ido.

"Ka gane ni?"

"Haba Malam, wa zai manta ka? Ɗaga hannu."

Sati uku maganar na cinsa. Kullum sai ya shirya ta, da Shukri ya shigo sai ta maƙale. Wata safiya, Shukri na ba shi kunun shinkafa, ya kau da kai daga cokalin.

"Abin da na yi maka ranar nan a filin makaranta... ka yafe mini."

Shukri ya janye cokalin. "Na yi kuka ranar. Mahaifiyata ta fi ni kuka, don ita ke wanke mini kayan makaranta."

"Tana nan?"

"Ta rasu bara. Ni dai na yafe, Malam. Buɗe baki, kunun zai huce."

Ya buɗe bakin.